Haro mai faifai nawa ya dace da ƙaramar tarakta mai doki 35?

Lawali Mirriya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san ƙarfe. Ƙungiyarmu ta manoma ta haɗa kuɗi mun sayi ƙaramar tarakta 'yar Sin, lamba 354, wato doki 35, ƙafafu huɗun duk suna ja. Da tirela kawai ta zo, babu kayan noma. Yanzu haro muke so, wato ƙarfen nan mai faifai da tarakta ke ja yana farfasa ƙasa, kafin ruwa ya sauka, kuma guda uku ne a gabanmu. Na farko na hannu ne, wani bawan Allah a nan Damagaram ke da shi, faifai 16 masu inci 24, da babbar tarakta Massey 375 yake jan shi, ya ce zai yi mana sauƙi. Na biyu sabo ne, faifai 12 masu inci 22, layi biyu, shida gaba shida baya. Na uku shi ma sabo, faifai 16 amma ƙanana, inci 18, layi huɗu a gicciye, kuma shi ne mafi arha. Yawancin 'yan ƙungiya sun karkata ga na farkon, sun ce mai faɗi ya fi gama aiki da wuri. Gonakinmu akwai jigawa, akwai geza, akwai garake a fadama inda muke kabeji da albasa da rani. Muna kuma son mu riƙa fita haya don mu ƙarasa biyan bashi. Kuɗin jama'a ne, har da na matan da suka sayar da awakinsu, ba na son mu yi sayen da-na-sani.

Alhaji Sanusi Magarya:
Wa alaikumus salam Malam Lawali. Allah ya sanya alheri, ya sa a kashe lafiya. Na farkon nan ku cire shi daga lissafi tun yanzu. Da 375 nake aiki, na san abin da faifai 16 na inci 24 yake ci. Don doki 75 aka yi shi, kuma ita kanta 375 ɗin idan ta faɗa laka sai direba ya rage giya. Amma kada tsoro ya sa ku koma ga ɗan ƙarami. Mai haya faɗi yake sayarwa. Daminarmu gajera ce, ranar da ruwan shuka ya sauka kowa so yake a shiga gonarsa a ranar, wanda ka ce masa jibi ya tafi wajen wani. Da ni ne, faifai 14 masu inci 20 zan nema.

Mamman Makanike Sabon Gari:
Kafin a fara ƙirga faifai, Malam Lawali, ka yi mini abu uku. Ka buɗe littafin da ya zo da taraktar ka duba nauyin da haidirolik ɗinta ke ɗagawa. Ka auna kaurin fil ɗin hannuwan ƙasa na baya, inda ake rataya haro. Sannan ka ja awo daga bakin tayar baya ta waje zuwa bakin ɗayar. Masu haron kuma kowa ya faɗa maka nauyin nasa a kilo, in ya ce bai sani ba a ɗora a sikelin 'yan buhu.

Lawali Mirriya:
To Malam Mamman, ga su. Littafin ya rubuta 5.8 kN, a gefensa an sa 610 mm. Fil milimita 22 ne. Faɗin taya mita ɗaya da rabi. Mai na hannu ya ce nasa kilo 560, mai faifai 12 kilo 380, mai ƙananan faifai kilo 270.

Nasiru ɗalibi:
Kawu Lawali, 5.8 kN ɗin nan kusan kilo 590 ne. Shi kuma 610 mm nufinsa an auna ƙarfin ɗagawar ne a tazarar santimita 61 daga bakin hannuwan ƙasa zuwa baya. In haka ne ai 560 bai kai 590 ba, ko ba haka ba Baba Mamman?

Mamman Makanike Sabon Gari:
A takarda bai kai ba, Nasiru, amma ka sake karanta abin da ka rubuta da kanka. A santimita 61 aka auna. Haro mai layi biyu doguwar aba ce, layin baya yana can nesa da tarakta, don haka tsakiyar nauyinsa ya kan kai wajen mita guda daga bakin hannu. Ɗauki bokitin ruwa a jikinka, sannan ka miƙe hannu da shi, za ka ji bambancin alhali ruwan bai ƙaru ba. Wannan 560 ɗin, a wurin famfon haidirolik ya wuce 590. Sabuwar tarakta za ta iya ɗaga shi da safe mai yana da sanyi. Bari rana ta take, zafin Afrilu da Mayu ya shiga man ya tsinke, sai ka ga hannu yana ɗagawa yana saki. A haka ake cinye famfo da robobin silinda tun ba a yi damina biyu ba.

Ga kuma maganar gaba. Irin wannan tarakta nauyinta bai fi tan ɗaya da rabi da 'yan kai ba. Ƙa'ida ita ce aƙalla kashi 20 cikin ɗari na nauyin ya zauna a kan tayoyin gaba, in ba haka ba sitiyari ba ya jin magana. Ka rataya mata kilo 560 can baya, gaban ya yi sakayau, ita kuma da ake taƙama ƙafa huɗu ke ja, biyun gaba sun daina taka ƙasa sosai.

Fil ma bai dace ba. Naku milimita 22 ne a ƙasa, 19 a hannun sama, shi ake kira aji na ɗaya. Na 375 aji na biyu ne, 28 a ƙasa, 25 a sama, kuma tazarar hannuwan ta fi faɗi. Sai an kai wa mai walda ya yanke ya sake, kuma ko ya sake nauyin yana nan.

Na ƙarshe, doki 35 da aka rubuta na inji ne. Kafin ya bi ta giya ya isa taya ya taka ƙasa ya ragu. A ƙasa mai tauri kamar kashi biyu cikin uku ne ke zama ja na gaske, a rairayi mai laushi da kaɗan ya haura rabi. Wato a jigawar Mirriya doki 19 ko 20 kuke da shi a hannu. Da wannan za ku yi ciniki, kuma ni mai faifai 12 nake ganin ya dace da ita.

Ilu Direba:
Gaskiya Baba Mamman ya faɗa. Na taɓa tuƙa ƙarama irin wannan a wajen wani maigida da ya rataya mata babban haro. Idan na zo fita daga gona zan hau kwalta, gaban ne ke tashi, ina juya sitiyari tana tafiya inda ta ga dama. Sai da muka ɗaure buhun yashi biyu a gaba. A cikin gona kuma giya ta biyu ƙarama kawai take iya ja, baƙin hayaƙi na fita, allurar zafi na hawa, duk bayan ɗan lokaci sai na tsaya na busa lagireto. Tayoyin baya suna haƙa rami suna watso yashi, faifan kuma maimakon su juya ƙasa sai su riƙa tura ta gaba. Maigidan yana ganin ni ne ba na so in yi sauri.

Alhaji Sanusi Magarya:
Duk mun yarda a kan babban. Inda nake ja da kai Mamman shi ne faifai 12. Yi lissafi: shida a layi, tazarar faifai da faifai santimita 23, faɗin aikinsa bai wuce mita 1.35 ba. Taya kuma mita 1.50. Ke nan haron bai rufe sawun taya ba. Manomi ya biya kuɗinsa ya zo ya tarar da layin taya a danne daga wannan kai zuwa wancan, me za ka ce masa? Faifai 14 yana ba da kusan mita 1.55, ya share sawun tas.

Mamman Makanike Sabon Gari:
Ranka ya daɗe, wannan magana ce mai ƙarfi, kuma da haron mai layi huɗu muke magana da ban ce komai ba, don shi a tsakiya yake zama, dole ya fi taya faɗi. Mai layi biyu kuwa ana iya gusa shi gefe, akwai ramukan noti a jikin firam ɗinsa don haka. Ka gusa shi ya rufe sawun tayar da ke gefen da aka riga aka yi, ɗayar tayar tana tafiya a kan ƙasar da ba a taɓa ba, in ka zagayo ka cinye sawunta. Abin da ake buƙata direba ya riƙa zagaya gona ta hannu guda. Kuma yawancin ƙananan taraktocin nan ana juya rim ɗin baya a matse faɗin taya. Faifai 14 masu inci 20 ba laifi ba ne a jigawa, taraktar za ta ja shi. A geza bayan ruwa, ko a lakar fadama, can ne za ta gaza, su kuma sun ce suna da duka ukun. Sannan inci 20 bai cika yawa a hannun 'yan kayan gyara kamar 22 da 24 ba, wannan ma abin dubawa ne.

Nasiru ɗalibi:
Bari in sa lissafin da aka koya mana, ko zai taimaka wa Kawu wajen yi wa 'yan ƙungiya bayani. Ana ninka faɗi a mita da gudu a kilomita cikin awa, a raba da goma, sannan a cire kamar kashi 20 cikin ɗari na juyawa da tsayawa. Faifai 12, faɗi 1.35, in taraktar ta samu gudun kilomita 6.5, ya ba da hekta 0.7 a awa. Faifai 16 babba, faɗi 1.8, in bai bar ta ta wuce kilomita 4 ba kamar yadda Yaya Ilu ya kwatanta, hekta 0.58 ne. Mai faɗin ya zo a baya, kuma a duk awannin nan inji yana cike da kaya yana shan gazuwal. Haro kuma gudu yake so, tsakanin kilomita 6 da 8, a nan ne faifai ke jefa ƙasa ya kife ciyawa.

Lawali Mirriya:
Allah ya yi maka albarka Nasiru, wannan zan rubuta a allo ranar taro. To na ukun fa? Kilo 270 ne kawai, faɗinsa mita ɗaya da rabi, ga arha. Ma'ajinmu shi yake so.

Mamman Makanike Sabon Gari:
Raba nauyin da yawan faifai. 270 a raba wa 16, kowane faifai kilo 17 ke danna shi. 380 a raba wa 12, kusan kilo 32. Haro ba shi da abin da ke tura shi ƙasa sai nauyinsa da karkatar layinsa, haidirolik ɗin ƙananan taraktoci ɗagawa kawai yake yi, ba ya dannawa. Kilo 17 a kan busasshiyar geza tsalle zai riƙa yi yana zana layi. An yi shi ne don farfasa hoge bayan garma ta wuce, ko gyara garka mai laushi. Zurfi kuma, faifai yana shiga kamar rubu'in faɗinsa. Inci 18 santimita 46 ne, zai ba ka 11 in ƙasa ta yarda. Inci 22 santimita 56 ne, zai ba ka 14. In garake kaɗai kuke da su da na ce ku ɗauke shi. Tunda haro ɗaya za ku saya ya yi muku komai, ba shi ba ne.

Hajiya Zuwaira Matamaye:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba ni da tarakta, haya nake ɗauka wa ƙungiyar matanmu, muna gyaɗa da riɗi a tudu, muna da ɗan rake a korama. Bari in faɗi abin da mai biya ke gani. An taɓa kawo mana irin mara nauyin nan. Da suka ga ba ya shiga, sai samari biyu suka hau kansa suka tsaya, suna riƙe da ƙarfe, tarakta na tafiya. Ɗaya ɗan maƙwabciyata ne. Na tsaya a bakin gona gabana na faɗuwa, don ƙafa ɗaya in ta zame a tsakanin faifan nan, ba sai na faɗa ba. Na ce a tsaya, na biya abin da aka yi, suka tafi. Malam Lawali, don Allah duk wanda za ku saya, ku sa doka a ƙungiya ba mai hawa haro, ba yaro a kan madigadi. Kuma ku sayi mai nauyin kansa don kada a ce sai an hau.

Abu na biyu, a fadama inda ƙiri-ƙiri da jiji suka kama, haro ba ya kashe su. Yayyanka saiwar yake yi ya baza, kowane guntu ya tsiro. Shekarar da aka yi mana sau biyu a jere, ciyawar ta fi ta da. Sai da muka koma tonewa da hannu muna tarawa rana ta ƙone ta.

Malam Habu mai ritaya:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma a kan ƙarfe ba ni da abin ƙarawa a kan na Mamman, faifai 12 ɗin ne daidai da taraktar. Damuwata tana wani wuri. Lawali ya ce suna da jigawa, kuma za su fita haya. Na yi aikin malamin gona a ƙauyukan kudancin jihar nan har na yi ritaya, abin da nake tsoro shi ne ranar da haron ya iso za a fara bi da shi gona gona tun cikin Mayu, ƙasa a bushe, don kowa yana son a ce an yi masa kafin ruwa.

Jigawarmu rairayi ce, abin da ke riƙe ta ɗan ɓawon sama ne da tushiyar hatsin bara da guntayen kara da saiwar ciyawa. Faifai ya bi ta kai a bushe, ya niƙe ɓawon, ya tumɓuke tushiya. Kowa a zauren nan ya san iskar da ke zuwa gaban hadarin farko daga gabas, wadda ke mai da rana dare. Ita ce za ta kwashe garin ƙasar, wanda shi ne mai ɗan abincin, ta kai shi gindin shinge. In kuma hatsi ya riga ya fito, yashin da take kora a fuskar ƙasa yana yanke ganyensa ya binne shi a rami, a wayi gari sai an sake shuka. A tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an gwada, an ga barin kara a fuskar gona, kamar tan 2 a hekta, yana rage yashin da iska ke ɗauka ƙwarai. Mu a nan karan ma dabbobi da darni da murhu sun raba shi, ɗan abin da ya rage kuma haro ya zo ya binne.

Sai gawo. Bayan farin 1984 manoman Mirriya da Magarya da Matamaye suka riƙa barin 'ya'yan itace a gona suna yi musu sassabe, har aka ƙiyasta wajen hekta miliyan guda ta sake yin itace a yankin nan, mutane daga ƙasashen waje suna zuwa kallo. Da hauya aka yi wannan, mai noma yana ganin ɗan gawo mai tsawon taƙi ya kauce masa. Direban da ake biya da hekta, yana gudun kilomita 7, ba zai gan shi ba. Ko a nan ma haro mai ƙaramin faɗi ya fi, don yana shiga tsakanin itatuwa ba sai an ce a sare ba.

Alhaji Sanusi Magarya:
Malam, Allah ya ƙara girma, amma kada mu tsorata yaran nan. Ni ma manomi ne kafin in zama mai tarakta. Gezar da ta yi fako, ruwa ya sauka ya gudu bai shiga ba, wace hauya ce za ta buɗe ta? Na ga gonakin da aka bari shekaru, haro ya shiga, aka sa taki, dawa ta yi. Gyaɗa da riɗi kuma suna son ƙasa mai laushi. Ga matasa duk sun tafi ci-rani, wasu Libiya wasu Aljeriya wasu Kano, wa zai yi aikin? Ruwan da muke samu a shekara milimita 400 zuwa 500 ne a wajen Damagaram, mu a kudu ya ɗan fi, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba. Wanda bai yi sauri ba ya rasa.

Malam Habu mai ritaya:
Alhaji, ban ce a ajiye haro ba. A geza ina tare da kai ɗari bisa ɗari, buɗe ta yana sa ruwa ya shiga, amfanin gona yana ƙaruwa. Gonar gyaɗa da riɗi da wake ma babu gardama, don ana shuka su ne bayan ruwa ya zauna, ƙasa da danshi, faifai yana tayar da ita dunƙule dunƙule, iska ba ta iya ɗauka. Abin da nake roƙo, gonar hatsi a jigawa a bar ta a shuka da ruwan farko yadda aka saba, kwanakin da za a ɓata ana jiran layin tarakta sun fi abin da haron zai ƙara. In dole sai an yi, a yi da danshi, sau ɗaya, a rage karkatar layin kada ya nitse, a bi gonar kudu da arewa don a gicciye wa iska. Kuma mai gona ya riga tarakta shiga ya kafa sanda a gindin kowane ɗan itace.

A fadama kuma ku lura, in ana bin zurfi ɗaya kowace shekara da laka a jiƙe, ƙarƙashin inda faifai ke tsayawa yana daskarewa. Za ka ga ruwa na kwanciya a fangali, saiwar kabeji ta kai nan ta lanƙwashe. Ku riƙa tona da sanda kuna dubawa. In ya yi, sai an sa ƙarfe mai haƙora ya fasa.

Ilu Direba:
Baba Malam, maganar sanda gaskiya ce, daga kan kujera ba a ganin ƙaramin itace, balle da ƙura. Ni ma ta fi mini, don kututturen sabara da kalgo da kaba su ne ke fasa mana faifai. Kawu Lawali, ku ce a sa muku masu haƙora a layin gaba, masu sumul a baya. Mai haƙora yana kama kara ya yanke, ba ya tura shi. A rairayi dai ya fi saurin cinyewa, wannan ku sani.

Mamman Makanike Sabon Gari:
Haka ne Ilu. Tunda an zo nan, ga abin da za ka duba ranar saye, Malam Lawali. Kaurin faifai kada ya gaza milimita 4, in ka samu 5 ya fi, ka tafi da abin awo kada ka yarda da baki. An sha kawo mini sabon haro fenti na ƙyalli, faifan kamar murfin tukunya, kututture ɗaya ya naɗe su. Ramin tsakiyar faifai mai kusurwa huɗu ne, kuma girmansa ba ɗaya ba ne a kowane haro, ka auna sandar ka tabbatar akwai irinsa a nan Damagaram ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kada faifai ɗaya ya tsayar da ku a tsakiyar Yuli. Boris ɗin da sandar faifai ke juyawa a ciki ya zama mai kan giris, kuma ka sayi na ajiya biyu tun yanzu. Yashinmu yana shiga ko'ina, giris kowace safiya kafin a fita. A tabbatar akwai ƙarafan kankare laka a bayan kowane faifai, in babu su a fadama haron zai cushe ya zama gungume. Babban notin da ke ƙarshen sanda a ɗaure shi bayan awannin farko na aiki, a kuma riƙa duba shi, in ya yi sako-sako faifai na cin sanda.

Saitin ma rabin aiki ne. Hannun sama shi ke raba nauyi tsakanin layin gaba da na baya. Ka gajarta shi gaba ya nitse, ka tsawaita baya ya nitse. In suka yi daidai taraktar za ta tafi sak, in kuwa sitiyari na fizgar direba gefe guda, layi ɗaya ya fi ɗaya ci. Sarƙoƙin gefe a ɗan sassauta a gona, a ɗaure tam a hanya.

Lawali Mirriya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Matsalata yanzu 'yan ƙungiya ne. Mai na hannun ɗan uwan shugabanmu ne, kuma ya riga ya ce a zo a gwada kyauta. In aka gwada a jigawa taraktar za ta ja shi ko yaya, su ce ai ga shi ta ja. Ta yaya zan nuna musu a fili ba tare da na ɓata wa kowa ba?

Mamman Makanike Sabon Gari:
Ka karɓi gwajin, amma kai za ka zaɓi gona da lokaci. A geza, da azahar, bayan inji ya yi awa guda yana aiki. Ka sa alli a jikin tayar baya. Haro a ɗage, a bar tayar ta juya sau goma, a kafa sanda a farko da ƙarshe, a auna. Sannan a sauke haron a zurfin aiki, a giyar da za a yi aiki da ita, a sake juyi goma a auna. In na farko mita 35 ne, na biyu bai kamata ya gaza 30 ba. Santsin da ya wuce kashi 15 cikin ɗari, taya da gazuwal kuke ƙonawa. Dattawan su riƙe igiyar awon da hannunsu, kai kada ka ce komai. Bayan nan a ɗaga haron a kashe inji, a ga minti nawa zai yi a sama.

Alhaji Sanusi Magarya:
In za a yi gwaji a yi shi da adalci, a sa na 14 ma a ciki. Akwai wani yarona a hanyar Bande da ke da shi, zan sa a ɗoro muku a mota ranar kasuwar Mirriya, ku biya kuɗin mai kawai. In ya faɗi a awon Mamman na yarda. Amma a gwada shi a jigawa da geza duka, kada a kai shi laka kaɗai.

Hajiya Zuwaira Matamaye:
Malam Lawali, in kun tsayar da rana ka sanar a nan, zan turo mata biyu daga cikinmu su gani, mu ma muna tara kuɗin tamu. Ina da tambaya ga Malam Mamman: ƙofofin garakenmu ƙanana ne, amalanken shanu kawai ke shiga, kuma fangalin gajeru ne. Mai faifai 12 ɗin zai iya juyawa a ciki?

Mamman Makanike Sabon Gari:
Alhaji na amince, a kawo shi, amma a duba fil ɗinsa tukuna, in 28 ne a taho da na 22. Malam Lawali, kafin ranar ka rage iskar tayoyin baya zuwa abin da littafin ya ce na gona, sababbi suna zuwa da iska fiye da kima, kuma ka ɗaura duk ƙarafan nauyin gaba da suka zo da ita, don kowane haro ya samu tarakta iri ɗaya.

Hajiya, faɗin ba zai hana ba, tunda bai kai faɗin taraktar ba, duk ƙofar da ta shige shi ma ya shige. Tsawon ne abin dubawa. Tarakta da haro a rataye sun haura mita biyar, kuma in ta juya wutsiyar tana shara gefe, tana iya kwashe darni ko bakin rijiya. Ki sa a auna mini garka mafi ƙanƙanta, tsawo da faɗi, da inda rijiyoyin suke, ki turo. In tsawonta bai kai mita 30 ba, garmar shanu ko ƙaramin injin da ake bi a ƙafa zai fi muku.